Hayaƙin babura a biranen Nijar: shin gawayi a cikin salansa zai iya rage gubar?

A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Birnin Ƙonni, babur ne ke kai ɗalibi makaranta, ya kai mai ciki asibiti, ya kuma ciyar da gidaje masu yawa ta hanyar kabu-kabu. Shi ne kuma ke cika manyan tituna da hayaƙin da kowa ke shaƙa. Wata dabara mai arha, ta sanya sarrafaffen gawayi a bakin salansa domin ya kama gubar, ta daɗe tana jan hankalin ɗalibai da masu bincike a ƙasashen da babura suka yi yawa. Dabarar tana da tushe a kimiyya, amma lissafi ya nuna tana da iyaka, kuma ya kamata mai babur ya san iyakar kafin ya kashe kuɗinsa.

Duk wanda ya tsaya bakin babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram da maraice a lokacin hunturu ya san yadda abin yake. Ƙura ta rufe sama, babura da adaidaita sahu sun cunkushe, inji yana ta aiki a tsaye, hayaƙi kuma ya ƙi tashi. A irin wannan lokaci iskar da ke kusa da ƙasa takan fi ta sama sanyi, don haka hayaƙin yakan kwanta daidai tsayin hancin mutum. Waɗanda suka fi shaƙarsa su ne waɗanda abincinsu ke bakin titi: ɗan kabu-kabu, mai tuyar ƙosai, mai shayi, ɗan sandan da ke ba da hannu, da yaron da aka goya a bayan babur.

Babur ba shi kaɗai ke gurɓata iskar biranen Nijar ba. Akwai ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, akwai hayaƙin itacen girki, ƙona shara da janareto. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, na haddasa mutuwar mutane kusan miliyan 7 a kowace shekara a duniya. Bambancin hayaƙin babur shi ne kusancinsa da jama'a: yana fita ne taku biyu daga fuskar mutum, kuma daga safe har dare.

Me ke cikin hayaƙin?

Abubuwa huɗu ne suka fi damun likitoci. Na farko iskar kabon monoksaid, wadda ake taƙaitawa da CO. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana manne wa jini fiye da iskar oksijin da jiki ke buƙata har sau 200 da ɗoriya. Kaɗan daga cikinta na kawo ciwon kai, jiri da kasala. Mai yawa a rufaffen wuri tana kisa. Na biyu, ɓurɓushin man da bai ƙone ba, wanda a cikinsa akwai sinadarin benzin da aka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Na uku, iskokin naitirojin da ke harzuƙa huhu, su tayar da asma. Na huɗu, ƙananan ƙwayoyin toka da baƙin mai waɗanda ke shiga can cikin huhu.

Yawan kowannensu ya danganta da irin injin. Tsofaffin babura da ake haɗa musu fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, ko masu ƙona man ta wani famfo na daban, su ne masu shuɗin hayaƙi. A irin wannan inji, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na man kan iya ficewa ta salansa ba tare da ya ƙone ba. Baburan da suka fi yawa a yau, masu baƙin mai a ma'ajinsa daban, sun fi su tsabta nesa ba kusa ba. To amma galibinsu da kafireta suke aiki, kuma idan kafireta ta sha mai da yawa, ko matatar iska ta toshe da ƙura, sai CO ta hauhawa ba tare da ido ya ga komai ba. Babur da ba ya hayaƙin da ake gani yana iya fitar da guba mai yawa.

Wane irin gawayi ake nufi?

Gawayin da ake magana a kai ya bambanta da na dafa shayi a fada. Shi ne wanda ake kira charbon actif da Faransanci. Ana fara ƙona ɓawon kwakwa, itace ko ƙwallon ƴaƴan itace a inda iska ba ta shiga, sannan a sake gasa shi da tururi a zafin da ya kai digiri 800 zuwa 1000, ko kuma a jiƙa shi da wani sinadari a gasa a zafin da bai kai haka ba. Wannan mataki na biyu ne ke huda masa miliyoyin ƙananan ƙofofi. Idan aka baje faɗin cikin ƙofofin giram ɗaya kacal, yakan kai murabba'in mita 500 zuwa 1,500. Ke nan giram bakwai na mai kyau sun kai faɗin filin ƙwallon ƙafa.

Idan iska ta ratsa ta cikinsa, wasu sinadarai kan manne a bangon waɗannan ƙofofi, kamar yadda ƙaiƙayi ke maƙalewa a jikin riga. Da wannan ne ake tace ruwan sha, ake cire wari, ake kuma ba wanda ya sha wasu nau'o'in guba a asibiti.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. Masana kimiyyar sinadarai na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai sun sarrafa irin wannan gawayi daga ƙwallon aduwa da na magarya, suka gwada shi wajen tace gurɓataccen ruwa. Kayan aikin kuwa a zube suke a ƙauyuka: ƙwallon aduwa, ƙoƙon goruba, ɓawon gyaɗa. Wannan ne ya sa dabarar ke da farin jini. Kayan gida ne, masu arha, kuma kowane mai walda zai iya ƙera gwangwanin da za a zuba gawayin a ɗaura a bakin salansa.

A ƙasashe irin su Indonesiya da Indiya, inda babura suka kai miliyoyi, ɗaliban injiniya sun sha gwada haka da gawayin ɓawon kwakwa, kuma da yawansu sun ba da rahoton raguwar guba. Sai dai akasarin gwaje-gwajen gajeru ne: sabon gawayi, babur a tsaye yana sulo, awo na ƴan mintoci. Ɗan kabu-kabu kuwa yini yake a kan titi, da lodi, a cikin rana.

Inda gizo ke saƙa

Matsala ta farko ita ce zafi. Gawayin yana riƙe abu ne da kyau idan wuri na da sanyi. Da zarar ya ɗumama sai ya fara sakin abin da ya kama. A masana'antu ma da zafi ake wanke shi don a sake amfani da shi. Hayaƙin da ke fitowa daga kan inji yana da zafin ɗaruruwan digiri, kuma ko a ƙarshen salansa yakan ƙona hannu. Gwangwanin da ya kama guba da safe, lokacin da inji bai yi zafi ba, yana iya amayar da ita da hantsi. Idan kuma aka matso da shi kusa da inji, shi kansa gawayin na iya kama wuta.

Ta biyu ita ce ruwa da datti. Duk litar fetur ɗaya da ta ƙone tana samar da ruwa kusan lita ɗaya a matsayin tururi, tare da kilo 2.3 na iskar kabon dayoksaid. Tururin yana rige gubar shiga ƙofofin gawayin, baƙin mai da toka kuma suna liƙe bakinsu.

Ta uku, wadda ta fi nauyi, ita ce CO. Gawayi tsurarsa kusan ba ya riƙe ta sam. Shi ya sa takunkumin kariya mai gawayi zalla ba ya kare mutum daga wannan iska. Sai an haɗa da wasu sinadarai na tagulla da manganis waɗanda ke sauya ta, su kuma danshi na kashe ƙarfinsu. Abin da gawayin ya fi iya kamawa shi ne tururin mai irin su benzin. Ma'ana, yana iya rage warin hayaƙin, mai babur ya ɗauka ya tsira, alhali gubar da ba ta da wari tana nan tana fita.

Ta huɗu ita ce cika, kuma a nan lissafi kawai ya isa. Injin fetur yana buƙatar iska kilo 14.7 ga kowane kilo ɗaya na mai. Lita ɗaya ke nan na jawo iska fiye da lita dubu 9. Ɗan kabu-kabun da ya ƙona lita uku a yini ya tura hayaƙin da zai cika duro 135 ta salansarsa. A ɗauka baburinsa ya cika ƙa'idar Turai ta Euro 3, wadda ta fara aiki a 2006, ta kuma yarda ƙaramin babur ya fitar da giram 0.8 na man da bai ƙone ba da giram 2 na CO a kowace kilomita. Idan ya yi kilomita 100 a yini, ya fitar da giram 80 na mai da giram 200 na CO. A ce an zuba gawayi giram 200 a gwangwani, a kuma kyautata masa zato cewa zai riƙe kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa: giram 60 ke nan. Kafin la'asar ya cika. Ko da rabin man kawai yake kamawa, bai wuce kwana biyu ba. Wannan lissafin na lafiyayyen babur ne. Wanda ringinsa ya mutu zai cika gwangwanin tun kafin azahar.

Akwai kuma batun numfashin inji. Duk abin da ya tare hanyar hayaƙi yana rage wa babur ƙarfi, ya ƙara masa zafi da shan mai. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sauko da farashin litar fetur zuwa sefa 499, amma ga wanda zai cire kuɗin mai, ya kai wa mai babur balas, sannan ya kai cefane gida, ƙarin rabin lita a yini ba ƙaramin abu ba ne. Na'urar da ke cin mai, ta kuma buƙaci sabon gawayi kullum, ba za ta kwana uku a jikin babur ba kafin a kwance ta.

Biyu daga cikin haɗurran sun shafi gida kai tsaye. Gawayin kasuwa, wanda ba a sarrafa ba, ƙofofinsa kaɗan ne. Idan aka cusa shi a salansa zai farfashe ya toshe ta, ko ya ruru. Sarrafaffen da ya riga ya cika kuwa shara ce mai guba, domin benzin da baƙin mai na jikinsa. A garin da ake tsintar gawayi don hura shayi, gasa nama ko turaren wuta, zubar da shi a bola na nufin mayar da gubar cikin ɗaki.

Inda gawayin ke aiki da gaske

Masu ƙera motoci sun daɗe suna amfani da wannan gawayi, sai dai a wani wuri daban. Tun farkon shekarun 1970 motocin Amurka ke ɗauke da wani ƙaramin gwangwanin gawayi da aka haɗa da tankin mai. Aikinsa kama tururin fetur da ke tashi idan mota na ajiye a rana. Da an tayar da inji, sai ya zuƙo iska ta cikin gwangwanin, ya kwashe tururin ya ƙona shi. Gawayin ya wanku da kansa, ya koma aiki, shekara da shekaru. A nan babu zafin salansa, babu tururin ruwa, babu toka. Ƙa'idar Euro 4 ta babura, wadda ta fara aiki a 2016, ta sanya gwajin wannan tururi, don haka sababbin babura da yawa na zuwa da gwangwanin.

Wannan ya fi dacewa da Nijar fiye da Turai. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Tawa da Maraɗi, babur da aka ajiye a rana yana asarar mai ta iska, kuma warin da ake ji a zaure da dare man da aka saya da kuɗi ne.

Game da salansa kuwa, hanyar da duniya ta bi tun 1975 ita ce na'urar da Faransawa ke kira pot catalytique. Saƙar zuma ce ta ƙarfe ko yumɓu da aka shafa wa ma'adanai masu tsada, filatinom, faladiyom da rodiyom. Ba ta tara guba. Tana ƙarasa ƙona ta ne, ta mayar da CO da ɓurɓushin mai zuwa kabon dayoksaid da ruwa. Zafin da ke lalata aikin gawayi shi ne ke tayar da nata, domin sai ta kai wajen digiri 250 zuwa 300 take fara aiki. Amma tana da sharuɗɗa: injin da ba ya ƙona baƙin mai, awon mai da iska daidai, da fetur mai tsabta. Dalma tana kashe ta, sulfa mai yawa na rage mata ƙarfi.

Batun ya koma kan doka da mai

Yawancin baburan da ke kan titunan Nijar daga Sin da Indiya suke zuwa, wasu ta Najeriya, wasu ta tashoshin ruwan yankin. Ƙasashen biyu sun tsaurara dokar hayaƙi a gidajensu: Sin a 2019, Indiya a watan Afrilun 2020. Hakan ya sa kamfanoninsu suka koma ƙera babura masu fesa mai da na'urar lantarki maimakon kafireta. Samfuran da ake turowa Afirka ta Yamma kuwa galibi har yanzu masu kafireta ne, saboda sun fi arha, makanikai sun san su, kuma ba a tilasta wa mai shigo da su ya kawo wani abu daban.

An taɓa yin yunƙuri a matakin yanki. A watan Fabrairun 2020, a Wagadugu, ministocin ƙasashen CEDEAO sun amince da iyakar sulfa ta kashi 50 cikin miliyan a man da ake shigowa da shi, da matakin Euro 4 ga motoci, kuma umarnin da ya biyo baya ya ambaci ababen hawa masu ƙafa biyu da masu uku. Aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa a ƙasashe da dama. Nijar, Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, don haka yanzu alhakin tsara ƙa'idar ya rataya a wuyan hukumomin Yamai da ƙawancen AES.

Ta fuskar mai, Nijar na da wata dama da maƙwabta da yawa ba su da ita. Matatar SORAZ da ke arewacin Damagaram, wadda aka buɗe a watan Nuwamban 2011 da ƙarfin ganga dubu 20 a rana, da kamfanin SONIDEP mai rarrabawa, su ne manyan ƙofofin da mai ke bi, kuma sa ido a kan ƙofa biyu ya fi sauƙi. Ɓarakar tana wajen man ruwa-ruwa na kwalba, wanda babu mai auna ingancinsa. Cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023 ya sauya lissafin wannan sana'a, amma kwalaben ba su ɓace daga bakin titi ba.

Wasu ƙasashen sun zaɓi tsallake fetur ɗin gaba ɗaya. Ruwanda ta daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista a birnin Kigali daga Janairun 2025, kuma a Kwatano da Lome ana ganin baburan lantarki masu musayar batir. A Nijar, inda kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki, kuma ɗaukewar wuta ta zama jiki a lokacin zafi, wannan hanya na buƙatar tashoshin caji masu hasken rana kafin ta zama abin dogaro.

Abin da ke hannun mai babur

Kafin doka ta iso, gyaran da ya fi rage guba shi ne wanda kowane bakanike ya iya. Wanke ko sauya matatar iska akai-akai a lokacin ƙura. Daidaita kafireta, a daina buɗe mata mai fiye da kima don neman gudu. Sauya buji idan ya yi baƙi. Juye baƙin mai a kan lokaci, a guji wanda aka riga aka yi aiki da shi. Sauya ringi da zarar shuɗin hayaƙi ya bayyana. Kashe inji idan jiran fasinja zai daɗe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana rage shan mai, don haka kuɗinsa na dawowa. Tayar da babur a bar shi yana ɗumama a cikin zaure ko shago a rufe, musamman da sanyin asuba, haɗari ne na rai. Rawani ko takunkumin yadi suna tare ƙura mai kauri, amma CO da benzin na wucewa.

Ƴan ci-rani da ke Abijan, Legas, Kwatano, Aljeriya ko Libiya, waɗanda sukan aiko da kuɗi a saya wa ƙane babur ya kama sana'a, su ma suna da ta cewa. Tambayar dila ko samfurin na da na'urar ƙone guba a salansa da gwangwanin gawayi a tanki ba ta cin ko dala. Idan yana da su, a ja kunnen yaron kada a cire su a gareji, kada kuma a fasa salansa don neman ƙara.

Ga jami'o'in Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, André Salifou ta Damagaram, Djibo Hamani ta Tawa da makarantar EMIG ta Yamai, fagen bincike a buɗe yake. Gwajin da zai gamsar shi ne wanda aka yi a kan baburin kabu-kabu na gaske, na tsawon makonni, ana auna CO da ɓurɓushin mai kowace rana, ana auna zafin gwangwani da man da aka sha, a kuma faɗi inda za a kai gawayin da ya cika. Gawayin ƙwallon aduwa yana da kasuwa mafi kusa a gwangwanin tankin mai, a tace ruwan sha, da takunkumin masu fenti da masu sayar da fetur, muddin daga ɓawo da ƙwallo za a yi shi, ba daga itatuwan dajin Baban Rafi ba.

Ga magadan gari kuwa, na'urar auna hayaƙi da ake sa wa a bakin salansa tana ba da sakamako cikin ƴan mintoci. Idan aka fara da awo kyauta a tashoshin kabu-kabu, tare da shugabannin ƙungiyoyinsu, ba tare da tara ba a zagayen farko, za a san babura nawa ne cikin ɗari ke fitar da mafi yawan gubar, a kuma san ko ringi ne matsalarsu, ko kafireta, ko man da suke sha.